Yadda ake canza gasket ɗin tof a injin mota mai turbo

Gasket ɗin tof siririn shimfiɗa ne da ke kwance tsakanin bulok, wato gangar jikin inji, da tof silinda, wato kan da ke rufe samanta, kuma abu uku yake rabawa a ɗan wuri guda: wutar da ke tashi a kan fistin, ruwan lagireto, da baƙin mai. A motar da ba ta da turbo aikin na da sauƙi. A motoci irin su Golf GTI, Subaru WRX, Mercedes C250 ko Honda Accord mai injin 1.5, turbo na cusa iska da ƙarfi cikin silinda, sai matsi da zafi su ninka a kan wannan siririn ƙarfe. Idan aka haɗa da zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu da ta riga ta toshe lagireto, ƙaramin sakaci ya isa ya ƙona shi.

Gasket ba kasafai yake mutuwa don kansa ba, wani abu ne ke kashe shi. Saka sabo shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Wahalar tana wajen awo, tsafta, ɗauri, da gano abin da ya ƙona na farko.

A tabbatar kafin a taɓa sufana

Alamomin da kowa ya sani su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, da baƙin mai da ya koma launin shayi da madara. Amma injin turbo yakan zo da wata alama da ke ruɗar mutane: mota lafiya lau a cikin gari, sai an hau hanyar Gusau ko Birnin Kebbi an taka ta sosai, ta yi amai da ruwa ta bakin tankin roba. Abin da ke faruwa shi ne, matsin silinda yana ɗan ɗaga tof, hayaƙi ya kutsa cikin hanyar ruwa, idan aka sassauta ƙafa kuma wurin ya rufe. Da safe kafin a tayar da ita, matsa babban tiyo na sama. In yana da tauri alhali inji ya kwana a sanyi, akwai iskar da bai kamata ba a ciki.

Gwaji uku sun isa:

Na farko, ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake sawa a kwalba a bakin tankin ruwa, inji na aiki. In hayaƙin ƙuna na shiga ruwa, shuɗin zai koma rawaya. Ka rage ruwan tankin tukuna, don in ya taɓa ruwan gwajin ya ɓata sakamakon. Motar da ke yin aman nan sai an taka ta, a gwada ta da zafinta bayan an dawo daga gudu.

Na biyu, famfon matsa ruwa. A hura har adadin matsin da aka rubuta a kan murfin tankin ruwa, yawanci tsakanin bar 1 da 1.5, a cire fulogogi, a bar shi na wani lokaci. In allurar famfon na sauka ba ɗigo a ƙasa, leƙa ramin fulogi da tocila ko ƙaramar kyamara. Fistin ɗin da ruwa ke shiga wajensa yakan fi sauran tsafta, domin tururi ya wanke baƙin da ke kansa.

Na uku, awon matsin silinda. Bambanci tsakaninsu kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ne ya yanke a tsakaninsu.

Mai da ruwa na iya haɗuwa ta kular mai, wato na'urar sanyaya baƙin mai, in ta fashe, kuma turbo da ya sake yana ba da hayaƙi mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi. An sha sauke tof a banza saboda waɗannan biyun. In ruwan gwaji bai canza launi ba kuma matsi daidai yake, fara da kular mai.

Kayan aiki

Gasket na ƙarfe mai hawa-hawa, wanda ake rubuta MLS a kwalinsa, daidai da lambar injin, ba sunan motar kaɗai ba, domin mota ɗaya kan zo da inji iri biyu ko uku. Na asali ko na sanannun kamfanoni irin su Elring da Victor Reinz. Sabbin kusoshin tof cikakken saiti. Gasket ɗin murfin bawul, na manifol (mahaɗar bututu a jikin tof) na iska da na hayaƙi, na turbo, washa-washan jan ƙarfe na bututun mai, robobin bawul, tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi), murfin ruwa, fulogogi, baƙin mai da filta na juye biyu, ruwan sanyaya inji da tacaccen ruwa irin na batir. Daga kayan hannu kuwa: sufanar auna ƙarfin ɗauri, ma'aunin digiri, miƙaƙƙen ƙarfen awo, fila geji (siraran ƙarafan auna rata), makullan taimin na wannan injin (masu riƙe saitin bawul da fistin kada ya goce), da takardar kamfani mai ɗauke da lambobin ɗauri. Wanda ba shi da sufanar awo kada ya karɓi aikin nan. Ɗaurin hannu da bututu a kan sufana shi ne ke dawo da mota bayan wata biyu.

Wurin aiki ma kaya ne. Buɗaɗɗen inji a fili lokacin iska, yashi zai shiga duk inda mai ke bi. A samu rumfa mai kariya, kuma duk bakin da aka buɗe a toshe shi da tsumma mai tsafta ko leda.

Kwancewa

Inji ya huce sarai, gara ya kwana. Kwance tof na alminiyam da zafinsa na iya lanƙwasa shi. Cire fis ɗin famfon fetur, tayar da mota har ta mutu da kanta, sannan cire batir. Injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna riƙe matsin da kan kai bar 150 ko fiye a bututun ƙarfe, don haka a naɗe wurin da tsumma a sassauta a hankali. A wasu motocin ba a maimaita wannan bututun, sai sabo.

Zubar da ruwa da mai. Ɗauki hoton wayoyi da tiyo-tiyo da waya kafin ka cire, ka manna wa kowane soket alama. Notocin manifol da na turbo a jiƙa su da man sassauta tsatsa tun daren jiya, wuta ta gasa su shekara da shekaru, kuma wanda ya karye a cikin tof aiki ne na daban. Inda ya yiwu, cire turbo gaba ɗaya ka ajiye gefe maimakon barin shi yana rataye a jikin bututun mai.

Juya karanshaf da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, alamomin taimin su yi daidai, ka sa makullai. Waɗannan injinan, in taimin ya goce, bawul da fistin karo suke yi. Alamar fenti da hannu ba ta maye gurbin makulli, musamman a injin da giyar kamshaf ɗinsa ke motsi da matsin mai.

Kusoshin tof ana kwance su ne daga gefe zuwa tsakiya, a gicciye, kwata-kwatan juyi, zagaye biyu ko uku kafin a sake su duka. In tof ya ƙi tashi, duba ko akwai ƙaramar kusa da ta ɓuya a wajen murfin sarkar taimin. Kada a cusa sukundireba tsakanin fuskokin biyu. Idan ya fito, a kwantar da shi a kan katako, kada fuskarsa ta taɓa ƙasa. Subaru daban ce: tof biyu gare ta, ɗaya a kowane gefe dab da jikin mota, kuma sauke injin gaba ɗaya ya fi sauƙi da tsafta.

Kada ka jefar da tsohon gasket. Riƙe shi a haske ka karanta shi. Baƙin zane da ya tsallaka zoben silinda zuwa ramin ruwa yana nuna inda hayaƙi ya bi. Zoben da ya kumbura ko ya tsage alama ce ta ƙwanƙwasar wuta, wato fetur na fashewa ba bisa tsari ba. In baƙin ya bayyana a kewayen silinda da yawa a lokaci guda, tof ne ke ɗagawa, ko dai kusoshi sun miƙe ko an ƙara wa turbo ƙarfi fiye da kima. Tsatsa da cin ƙarfe a bakin ramukan ruwa kuma aikin ruwan rijiya ne.

Awo

A nan ake cin aikin ko a faɗi. Goge fuskar tof da ta bulok da abin kankara na roba da ruwan wanke birki. Kada a sa samfefa, burushin ƙarfe, ko faifan goga da ake ɗaura wa injin hannu. Faifan nan yana cin alminiyam ya bar kwari da ido ba ya gani, ƙurarsa kuma in ta gangara cikin mai, ita ce ke cinye metal ɗin karanshaf daga baya.

Ɗora ƙarfen awo a kan fuskar ta tsawo a layi uku, ta faɗi tsakanin kowane silinda, sannan a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. A kowane wuri gwada cusa fila geji a ƙarƙashinsa. Ga yawancin injina masu silinda huɗu da tof na alminiyam, iyakar ita ce milimita 0.05, wasu kamfanonin na yarda har 0.10. Ka fi mai da hankali a siririn wurin da ke tsakanin silinda na biyu da na uku, nan zafi ya fi taruwa. Gilashin taga da rular ɗinki ba ma'auni ba ne.

In ya wuce iyaka, sai wajen masu injin aske fuskar tof. Ka gaya musu abu biyu. Su cire mafi ƙarancin abin da zai daidaita shi, su kuma faɗa maka nawa suka cire, domin kowane tof na da mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda da shi. Askewa da yawa na ƙara matsin silinda, abin da injin turbo mai shan fetur ɗinmu ba ya buƙata ko kaɗan, kuma yana ɗan gusar da taimin. Na biyu, fuskar ta fito sumul. Gasket na ƙarfe siririn shafi ne kawai a jikinsa, ba ya cike zane irin yadda tsohon gasket mai laushi ke yi. Ja farcenka a kan fuskar: in yana kamawa a layukan injin, ba ta yi ba. Tof ɗin da aka goga a kan dutse ko a jikin bel ba zai riƙe wannan gasket ba.

A sa su gwada tof ɗin da matsi don neman tsaga, musamman tsakanin kujerun bawul da kewayen ramin fulogi. Duba kuma inda washa-washan kusoshi ke zama. In sun nutse cikin ƙarfen, ko zoben gasket ya bar rami a fuskar, zafi ya riga ya tausasa alminiyam ɗin. Irin wannan ko an aske shi ba zai riƙe ɗauri ba, sai a nemi wani tof. Haka in kamshaf ya ƙi juyawa sumul a mazauninsa: saman tof ɗin ma ya lanƙwashe, askin ƙasa ba zai gyara sama ba.

Bulok ma a auna shi daidai da haka. Mutane na mantawa da shi don yana cikin mota. Wasu injinan Ford EcoBoost na 1.5 da 2.0 an san su da zubar ruwa ta siririn tsagin da ke tsakanin silinda a jikin bulok, kuma a irin wannan sabon gasket ba ya magance komai. In motar ta taɓa ƙin juyawa saboda ruwa ya cika silinda, kawo kowane fistin sama ka auna tsayinsa da na abokinsa da suke hawa sama tare. Wanda ya gaza kaiwa, sandar da ke haɗa shi da karanshaf ta lanƙwashe.

Ramukan kusoshi

Kowane rami a bulok sai an tsotse ko an hure shi har ya bushe ƙayau. Ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami ba ya matsuwa: ko dai sufana ta nuna ɗauri ya kai alhali kusa ba ta danne tof ba, ko bulok ya tsage. Ɗauki tsohuwar kusa, yanka mata tsagi biyu a tsaye a jikin zaren, ka shigar da ita ka fitar har ta riƙa shiga da yatsu. In zaren bulok na alminiyam ya fito a jikin tsohuwar kusa, a dasa sabon zare na ƙarfe a ramin kafin a ci gaba.

Ɗorawa da ɗauri

Fuskoki biyu su bushe, ba mai, ba ƙura. Ƙananan turakun nan biyu da ke saita tof su kasance a mazauninsu a bulok. Ɗora gasket da rubutun TOP ko OBEN ko lambar kayan tana kallon sama, ka bi ramuka ɗaya bayan ɗaya ka ga ramin mai bai rufu ba. Ba a shafa masa gam, ba giris, ba fenti. Inda kaɗai gam ke shiga shi ne mahaɗar murfin sarka da bulok, ɗan ɗigo, in takarda ta ce a sa. Mutum biyu su sauke tof a miƙe, kada a ja shi a kan gasket.

Kusoshin yawancin injinan nan irin masu miƙewa ne. An ƙera su su ɗan ja tsawo a ɗaurin farko, shi ya sa ba a maimaita su. Tsohuwa za ta ɗauru, sufana ma ta yi ƙara, amma ƙarfin dannawarta ya tafi. Game da shafa musu mai, bi takarda: wasu na son ɗan mai a zare da ƙarƙashin kai, wasu sun zo da shafinsu.

Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya zagaya zuwa waje. Misali, a injin 2.0 TSI na Volkswagen mai kusa 10, ana kai kowace Nm 40 a sufanar awo bisa jeri, sannan a zagaya da digiri 90, a sake zagayawa da wani digiri 90. Wannan lambar ta wannan injin ce, kada a ɗauke ta a kai wa Honda ko Mercedes. Bayan zagayen farko, ɗiga fenti a kan kowace kusa ta ɓangaren gaba. In an gama digiri 180 duk ɗigon za su kalli baya, wadda aka tsallake za ta tona kanta. Kowane juyi a yi shi a ja ɗaya, ba fizga. In wata ta yi laushi a tsakiyar juyi, tsaya: ko zare ya tafi ko kusar na shirin tsinkewa.

Motar da aka ƙara wa ƙarfi a kwamfuta ta fi dacewa da turakun ɗauri irin na kamfanin ARP a madadin kusoshi. Su ba a yi musu digiri, ana kai su adadin da kamfaninsu ya rubuta a mataki uku, da man shafawarsu.

Taimin da turbo

Mayar da sarka ko bel bisa alamomi. Tunda wurin a buɗe yake, sabon abin ɗame sarka ya fi araha yanzu, musamman a tsofaffin injinan TSI da aka san nasu na saki. Cire makullai, juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, ka sake duba alamomi. In ka ji ya cije, kada ka tilasta.

Kama sandar turbo da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fuka-fukan ba sa taɓa jiki, amma motsi ciki da waje alamar ya gaji ne. Mai da ya gauraya da ruwa yana saurin cinye shi. Wanke bututun da ke kai masa mai ko ka canza shi, sa sabbin washa, ka zuba ɗan mai mai tsafta a bakin shigar kana juya sandar kafin ka ɗaura. Zazzage intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa, da bututunta. In ruwa ya daɗe yana bi ta salansa, sensar iskar hayaƙi na iya mutuwa, na'urar gwaji za ta nuna.

Ruwa, mai, da tashin farko

Wanke lagireto da hanyoyin ruwa har abin da ke fita ya zama garau. Tiyon da mai ya jiƙa har ya yi laushi a canza shi. Zuba ruwan sanyaya inji irin wanda kamfani ya ce, rabi da rabi da tacaccen ruwa in ba gaurayayye aka sayo ba. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100, wannan haɗin kuwa ƙarƙashin murfi mai riƙe bar 1 yana kaiwa kusan 129. Ƙasar Sakkwato ƙasar farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Kalambaina a yi siminti, kuma ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗauke da ita yana barin farin dasashi a siraran hanyoyin lagireto da na turbo.

Kafin tashin farko, bar fis ɗin fetur a cire, ka juya inji da kii na daƙiƙa 10 zuwa 15, sau biyu ko uku, don mai ya hau. Sannan mayar da fis ka tayar. Kunna hita har ƙarshe, buɗe noti na fitar da iska in akwai, ka bar ta a tsaye har tamostat ya buɗe, fanka ta kama ta saki. Karanta zafi a na'urar gwaji, domin allurar gaban mota takan tsaya a tsakiya ko zafi ya fara hawa. Tsakanin digiri 90 da 105 daidai ne ga yawancinsu. Farin hayaƙi na 'yan mintoci ragowar ruwan salansa ne. Bar ta ta huce, cika ruwa, ka sake gwajin ruwan shuɗi. In mai ya taɓa haɗuwa da ruwa, juye shi da filta bayan wannan ɗumamar, sannan a tuƙa ta a hankali na 'yan kwanaki ba tare da an matsa turbo ba, ana duba ruwa kowace safiya.

Abin da ya ƙona na farko

Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da kii al'ada ce a garejojinmu, da sunan wai motar Turai ba ta san zafinmu ba. A injin turbo wannan ɓarna ce. Kwamfuta na lissafa fetur da wuta ne bisa zafin da aka tsara, kuma a injina da yawa tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, in babu shi wani kaso na ruwan zai riƙa zagaye ba ya bi ta lagireto. A mayar da shi.

Raba lagireto da na'urar sanyin AC da intakula ka duba tsakaninsu. Daga waje za su yi kyau, a tsakiya kuwa ƙura, ciyawa da leda sun yi katanga. Wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi sosai. Gwada fanka a gudunta na ƙasa da na sama, duba famfon ruwa mai jikin roba ko yana tsatsafo, da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya wa turbo ruwa bayan an kashe mota, inda akwai shi.

Sai fetur. Yawancin motocin nan an tsara su ne kan fetur mai lambar okten 95 ko 98, wato ma'aunin jure ƙwanƙwasar wuta, abin da ke gidajen manmu kuwa nau'i ɗaya ne, na kusan 91, balle na bumburutu da ba a san abin da aka zuba masa ba. Kwamfutar mota na iya ja da wuta baya ta kare inji, amma iyaka gare ta, kuma motar da aka yi wa ƙarin ƙarfi a waje kafin ta shigo ta riga ta cinye wannan rarar. A duba da na'ura yayin tuƙi: in kwamfuta na yawan ja da wuta duk lokacin da turbo ya kama, a mayar da ita tsarinta na kamfani. A gwada nozul mai fesa fetur na silindar da gasket ya yanke a kanta, domin wanda ke ba da fetur kaɗan yana sa silindar ta yi zafi fiye da sauran, a kuma tabbatar fulogogin da aka sa lambarsu ce ta wannan injin.